Waƙar aro da waƙar kai a faifai ɗaya

A Agadez ba a fara jita da waƙar kai. Mai biki ya ɗauko ka ne don jama'a su taka rawa, su kuwa ba su motsi sai da abin da kunnensu ya sani: waƙoƙin marigayi Abdallah Oumbadougou, da na ƙungiyar Tinariwen, da na Mdou Moctar da suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth tun kafin Turai ta san da shi. A wannan makaranta na tashi. Da na tara kuɗin sutudiyo muka sauka Yamai da yaran ƙungiyata, sai na yanke cewa faifan zai ɗauki waƙa 10, huɗu na aro, shida nawa. Lissafina na ɗan kasuwa ne: sananniyar waƙa ta jawo kunne, tawa ta samu hanyar shiga.

Mai haɗa sautin dattijo ne, marar yawan magana. Muka buga waƙar aro ta farko yadda muke buga ta a filin biki, ya saurara har ƙarshe, sannan ya cire abin kunnensa ya ce, "Ƙanena, wannan ai tana cikin wayar kowa, kuma mai ita ya fi ka iya ta. Me zai sa in ji taka?" Sai ya kunna mana faifan farko na Joe Cocker, mawaƙin Ingila, wanda ya fito a 1969. A ciki akwai waƙoƙin Bob Dylan, akwai waɗanda Cocker ya tsara da abokinsa Chris Stainton, akwai kuma wata ta ƙungiyar Beatles da ya kwance ta gaba ɗaya: ya rage mata gudu, ya mayar da bugun daga huɗu zuwa uku, ya zuba mata amshin mata, Jimmy Page na jan jita a baya. Kalmomin na Beatles ne, amma gidan Cocker ya gina.

Da wannan muka koma kan wata tsohuwar waƙar Hausa ta kalangu, wadda ita ce ta fi cin ranmu a aikin. Abin da kalangu ke faɗa muka ɗora wa bas, wato jita mai kaurin murya. Inda 'yan amshi ke karɓa, na hana kowa buɗe baki, jita ce ke amsawa da ƙara mai kaushi, na murɗa amfilifaya har lasifikar tana ɗan kakkarwa. Mai ganga ya so ya miƙe bugun irin na rok ɗin Turawa, amma da ya yi haka sai baitocin suka riƙa tuntuɓe, domin karin waƙar Hausa yana bin hawa da saukar magana ne, in ka danne shi kalma ta lanƙwashe. A ƙarshe ya bar bugun gida a ƙafarsa, ya sa nauyin a hannu. Nan ta zauna.

Abin da ban taɓa ji daga bakin kowa ba shi ne yadda waƙar aro ke tona asirin taka. A biki waƙa na iya kai minti 15, ana liƙi ana guɗa, kiɗa ɗaya mai daɗi ya ishe ka. A sutudiyo minti huɗu kake da shi, ba ƙura ba guɗa. Tsohuwar waƙa ta bi bakuna da yawa, an goge ta, babu baitin banza a cikinta. Ka ajiye taka kusa da ita, nan take ka ji inda ta rame. Biyu daga cikin nawa ashe kiɗa ne kawai da amshi, ba su da abin faɗa. Ɗaya na sake mata baitoci, na ba ta labarin direbobin hanyar Dirkou, wani gari a cikin hamada, da iyalin da suke bari a gida. Ɗayar na ajiye ta.

Sai batun haƙƙi. Mawaƙa da yawa suna rubuta "ta gargajiya" a kan waƙar da kowa ya san mai ita, don kada su biya. A wurina wannan sata ce da alƙalami. Mun yi rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta Nijar, amma takarda ba ta maye gurbin gaisuwa. Na ɗauki goro na je gidan magadan mai waƙar kalangun. Babban ɗansa ya sa aka kunna, ya ɗan yamutsa fuska da jita ta shigo, daga baya ya ce, "Malam, sharaɗi biyu. Sunan Baba ya fito a jikin faifan, kuma baitin da ya ambaci ubangidansa kada ka cire shi." Baitin da na riga na yanke ke nan don rage tsawo. Muka koma muka mayar da shi.

Wajen jeri, dattijon ya so a tara na aro a gaba. Na ƙi, don mai sauraro zai tsaya a ta huɗu ya kashe. Tawa ce ta buɗe faifan, sauran muka sarƙa su, kuma duka a ɗaki ɗaya muka ɗauke su, kowa na ganin idon ɗan'uwansa, da jita ɗaya da amfilifaya ɗaya, don kada kunne ya ji an canja gida.

Ta aro ta huɗun waƙar wani Ba'amurke ce da na juya zuwa Hausa. Kamfanin da ke ɗora waƙoƙi a intanet ya ce tunda an canja kalmomi, sai da izinin masu riƙe da haƙƙinta a rubuce. Mun aika wasiƙa, shiru. Faifan ya fito da waƙa takwas, uku na aro, biyar nawa.