Madubin ganin dare a jirgin ruwa: a saya ko a bari?

Masu jirgin ruwa mai tafiya da iska suna yawan tambayar nan, wai ko madubin ganin dare ya cancanci kuɗinsa. Ni dai a ganina yawancin mutane ba shi ya kamata su fara saya ba.

Iri biyu ne dama. Akwai mai ƙara haske, wanda yake tattaro ɗan hasken wata da taurari ya nuna maka komai kore shar, sai kuma mai gano zafi irin na kamfanin FLIR, shi ba ruwansa da haske, ɗumin jikin abu yake gani.

Na koren nan shi ne yake ruɗin mutane saboda ya fi araha, amma a kan ruwa matsalarsa babba ce. Fitilar jirgi ta hagu ja ce, ta dama koriya, da su ake gane inda jirgin da ke gabanka ya dosa, to a cikin madubin nan duk launinsu ɗaya, ka ga kenan abin da ka fi buƙatar sani shi ya ɓoye maka. In ka doso tasha kuma fitilun gari suka haska shi sai hoton ya dagule gabaɗaya. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba, ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kana leƙa allo mai haske shikenan ka rusa wannan sabon, ka cire madubin ka tsaya kana lalube kamar wanda aka ɗauke wa wuta.

Mai gano zafi kam wani abu ne daban. Allah ya kiyaye, in mutum ya faɗa ruwa cikin dare, kansa yana fitowa fari tas a kan baƙin ruwa, haka ƙaramin kwalekwalen masunta da ba fitila. Wannan kaɗai ya isa hujja ga mai ratsa teku da iyali. Amma fa baya gani ta cikin gilashi, dole ka fito waje da shi, ruwan sama da hazo mai kauri suna rage masa nisa, kuma gungumen icce ko kwantenar da ta daɗe a ruwa har sanyinsu ya zama ɗaya da na ruwan da ƙyar ya nuna maka su.

Kafin duk wannan sayi madubin hangen nesa mai kyau 7x50, wato mai ƙara girman abu sau 7 da faɗin gilashin gaba milimita 50, yana tara haske fiye da yadda kake zato kuma baya cin batir. Sai na'urar AIS mai nuna maka manyan jirage da sunansu da saurinsu, sai rada, na'urar gano abubuwa daga nesa ko a duhu, in aljihu ya yarda. Dokar kauce wa karo a teku ta 1972 ma cewa tayi a riƙa lura da hanya ta amfani da ido da kunne da duk abin da ake da shi a jirgin. In bayan waɗannan kuɗi ya ragu kuma kana yawan shiga tashar da baka sani ba da daddare, to ɗauki mai gano zafi na hannu, ka bar koren.