Tuntuɓen da na yi da gwajin palu

Ƙannena masu fitowa daga makarantar koyon aikin jinya, ku zo ku ji inda na sha ƙasa.

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba mai zazzaɓi maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Da gwajin TDR, wato gwajin palu na nan take, ya iso ɗan asibitinmu a wani ƙauye wajen Marwa, na ɗauka magana ta ƙare: ɗigon jini daga yatsa, minti 15 zuwa 20, layi biyu akwai, layi ɗaya babu. Sai ga majo ɗinmu, wato shugaban ma'aikatan jinya, dattijon da ya fara aiki tun ina goye, gwaji ya ce babu amma ya rubuta wa wani yaro Coartem, maganin palu. Na gyara masa a gaban uwar yaron. Bai ce uffan ba. Kwalayen gwajin dai suka koma kabad suna shan ƙura har wata biyu.

Sai da na je gidansa na durƙusa na ba da haƙuri sannan ya buɗe baki. "Ɗana, matar nan kuɗin mashin ta biya daga bayan dutse. Ka ce mata babu palu, jikin yaro kuwa kamar garwashi. Da me za ta koma? In ta fita hannu rabbana, wurin mai tallan magani a kasuwa za ta tsaya." Ashe ba gwajin yake ƙi ba. An koya mana yadda ake yinsa, ba a koya mana abin da za mu yi in ya fito babu ba. Muka zauna muka rubuta a takarda guda: duba kunne da maƙogwaro, ƙirga numfashi, ba da farasitamol, a dawo bayan kwana biyu. Da hannunsa ya manna ta a bango, na kuma bar shi ya ce dabararsa ce. Rabinta ai tasa ce.

Wurin manya ma na sake kwafsawa. Na kai wa wani babban jami'i rahoto mai kauri da Faransanci kan gwajin. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya tambaye ni: nawa ne, wa zai biya in na kyauta ya ƙare, kuma a ina za a ajiye kaya a zafin Afrilu da ke haura digiri 40? Ko ɗaya ban amsa ba. Ga shi na je bayan an rufe kasafin shekara. Ku ku je da shafi ɗaya, da lissafin sefa, da wuri.

Yanzu naku zamanin na rigakafin palu ne, wanda Kamaru ta riga kowace ƙasa sakawa cikin allurar yara ta yau da kullum ranar 22 ga Janairu 2024. Allura huɗu ce, kuma ba ta hana ciwon ɗungurungum, gidan sauro na nan daram. Kafin ku kira taro, ku zauna da mai yin allurar ku shirya abin da za ta gaya wa uwar da ta kawo ɗanta sau uku, damina ta faɗi, palu ya kama shi.