Awon da na rubuta da hannuna

Jiya na sha kunya a wurin gini. Magini ya ja tef sau biyu, ya ɗago ya ce, "Injiniya, awon nan fa bai haɗu ba."

Sai da na koma ofis na buɗe AutoCAD, manhajar da nake zanen gini da ita, na ga ɓarnar. Makon jiya, garin sauri, na goge lambar awon ɗakin na buga 3600 (milimita) da hannuna. Daga baya na matsar da bangon da STRETCH, umarnin da ke ja ko matsar da sashen zane, sauran lambobi duk suka bi, wannan kuwa ta tsaya cak. Ina mayar da alamar <> a wurin, wato alamar da ke sa manhajar ta nuna ainihin awon, sai ga 3450. Santimita 15 cur! Allah ya taimake ni, layi biyu kacal na bulo aka ɗora, kuma kuɗin rushewar daga aljihuna ya fita.