Talata: ni da Inna a wurin likitan haƙori

Muna idar da sallar asuba muka bar Agege don mu riga cunkoso. Dasashin Inna ya daɗe yana jini, ko asuwaki ta sa sai ta tofar da ja, ga matauni ɗaya yana girgiɗi. Likita ta zura wani siririn ƙarfe mai zane tsakanin haƙori da dasashi tana auna zurfi. Ta ce ramin lafiyayyen dasashi ba ya wuce milimita 3. Na Inna ya zarce nesa, ciwon suga kuma yana ƙara rura abin.

Dole aka cire mataunin. Kafin nan sai da aka ɗebi jininta a hannu, aka sa kwalbar a wata na'ura ta yi ta juyi wajen minti 12. Da ta fito, jinin ya rabu: ja a ƙasa, ruwa a sama, a tsakiya wani curi rawaya-rawaya kamar kitsen da ya fara daskarewa. Wannan curin likita ta ɗauko da hantsaki ta cusa a gurbin haƙorin. PRF ake ce masa a taƙaice da Turanci, wato curin daskararren jini da ke taimaka wa rauni ya warke, wani likita a Faransa, Joseph Choukroun, ya fito da shi wajen 2001.

Inna ta dube ni ta ce, "Ikon Allah, 'yar nan, da jinina za a yi min magani?"

Abin da ya tsaya min a rai shi ne bayanin da ya biyo baya. Likita ta ce masu bincike suna gwada haɗa wannan curin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su metronidazole, wato Flagyl, a sa shi cikin ramin dasashin. Zaren da ke cikin curin ya riƙe maganin, yana sakinsa kaɗan-kaɗan a daidai inda cutar take. Ni da na ga yadda Flagyl ke sa Inna tashin zuciya da ɗacin baki har ta ƙi abinci, wallahi na so a ce an gama binciken nan. Tsohuwa mai shan maganin suga kullum, duk ƙwayar da za a rage mata alheri ce.

Ta jaddada cewa har yanzu gwaji ne, kuma ba ya maye gurbin kankare dattin da ya daskare a saiwar haƙori. Wannan aikin sai mako mai zuwa. Yau kunu kawai Inna ta sha, mai ɗumi-ɗumi, kuma an hana ta kurkure baki sai gobe.