Tulu ko fuskoki biyu?

Jiya da daddare ƙanwata ta miƙo min wayarta da wani hoto a ciki, ta ce, "Yaya, me ka gani?" Na ce farin tulu mana. Ta kwashe da dariya. Can sai ga fuskoki biyu baƙaƙe suna kallon juna, tulun ya koma fili kawai.

Edgar Rubin, masani ɗan ƙasar Denmak, ya yi bayanin wannan hoto a 1915. Hagu da daman tulun daidai suke, shi ya sa idona ya fara cafke shi. Layin da ya raba tulun da fuskokin kuwa ɗaya ne, ƙwaƙwalwa ɓangare guda take ba wa layin a lokaci guda. Na yi ta ƙoƙarin ganin duka biyun tare har shayina ya huce, wallahi ya gagara.