Fankokin Fosen da makiyayan da kotu ta ba gaskiya

Wallahi da ina ɗauka rigimar makiyaya da gwamnati tamu ce mu kaɗai, ashe har a Norwe ana yi, ƙasar da kullum ake kawo mana misali da ita. Akwai wani yanki can da ake kira Fosen, nan aka kakkafa manyan fankokin nan masu samar da lantarki da iska, guda 151 a wuraren da ake kira Storheia da Roan. To wurin fa makiyayar 'yan ƙabilar Sami ce, nan suke kai dabbobinsu lokacin sanyi tun kaka da kakanni. Dabbar tasu kamar barewa take amma ƙahonta rassa-rassa ne, ita ce saniyarsu ita ce jarinsu, kuma ba ta son ƙugin fankokin, da ta hango su sai ta kauce.

Mutanen nan suka yi ta shari'a har kotun ƙoli. A Oktoban 2021 kotu ta ce lasisin kafa fankokin bai halatta ba, an take musu haƙƙin al'adarsu. Ka san me ya faru? Ba komai. Fankoki suka ci gaba da juyawa abinsu, gwamnati na ta cewa tana nazari, kotun ma dai ba ta ce a cire su ba, sai aka samu wurin laɓewa.

Sai da aka kwana 500 da hukuncin, a Fabrairun 2023, matasan Sami suka sa kayan gargajiyarsu masu ja da shuɗi suka je suka zauna daɓas a ma'aikatar makamashi a Oslo, wasu har da ɗaure kansu da sarƙa a ƙofa. Abin da ya ban mamaki, Greta Thunberg da duniya ta sani da faɗa kan sauyin yanayi tana cikinsu, 'yan sanda suka ɗauke ta cak. Bayan 'yan kwanaki ministan makamashi Terje Aasland ya fito ya ba da haƙuri.

Ni fa ba na ƙin lantarkin iska ko sola, wanda ya sha zafin Afrilu ba wuta ba zai ƙi ba. Amma haushina, in za a nemi "fili mara amfani" kullum kan na makiyayi ake faɗawa don ba shi da katanga ba shi da takarda, kamar dai yadda aka cinye burtali a wajenmu.

Daga baya an sasanta a ƙarshen 2023 da farkon 2024, za a riƙa biyansu kuɗi duk shekara a kuma nemo musu wata makiyayar. Fankokin suna nan.