Tarihin Rayuwar Hattie McDaniel, Kashi na Huɗu: Teburin Jikin Bango

A makon jiya mun tsaya a inda Hattie ta samu fitowa a matsayin Mammy, baiwa mai renon 'yar masu gida, a fim ɗin Gone with the Wind. Ku tuna, matar nan ta yi waƙa a gidan rediyon KOA na Denver, ta kuma yi aikin tsaron banɗaki a wani gidan rawa na Milwaukee bayan tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1929. Ta san wuya, ta san daɗi.

Ranar 15 ga Disamba 1939 aka fara haska fim ɗin a Atlanta. Gari ya cika ya batse, amma babu Hattie, don dokar wariya ta jihar Jojiya ba ta yarda baƙin mutum ya zauna wuri ɗaya da Turawa a sinima ba. Suna kallon fuskarta a majigi suna tafi, mai fuskar kuwa an hana ta ƙofa.

Sai ga daren 29 ga Fabrairu 1940, daren raba kyautar Oscar a otal ɗin Ambassador na Los Angeles. Shi ma otal ɗin ba ya karɓar baƙaƙe, sai da mai shirya fim ɗin, David O. Selznick, ya nemi alfarma. Ta shigo da furanni farare a gashinta, aka wuce da ita ta gaban teburin abokan aikinta, su Vivien Leigh da Clark Gable, aka kai ta wani ɗan tebur can jikin bango, ita da ɗan rakiyarta da wakilinta. Daga nan ta taso da aka kira sunanta. 'Yar tsofaffin bayi, auta cikin 'ya'ya 13, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar. Ta yi godiya murya na rawa, tana share hawaye da hankici, ta koma jikin bangonta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, 'yan uwanta baƙar fata ma ba su ƙyale ta ba. Walter White, shugaban ƙungiyar NAACP mai fafutukar kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, yana ganin irin wannan fitowa tana zubar da mutuncin baƙar fata. Yana da hujja, ban musa ba. To amma wa ya taɓa miƙa mata matsayin likita ko malama ta ƙi? Amsar da aka fi jingina mata ita ce, gara ta karɓi dala 700 a mako tana kwaikwayon 'yar aiki da ta karɓi dala 7 tana 'yar aikin gaske. Kyautar ma ba ta canja komai ba, bayanta aka ci gaba da ɗaura mata gyauton kicin.

Da kuɗin da ta samu a fim ta sayi gida a unguwar da ake kira Sugar Hill a Los Angeles. Mako mai zuwa za mu ji yadda maƙwabta Turawa suka maka ta a kotu a 1945 don a tashe ta.